Yadda na raba na'urar POS da kwamfutar shago

Ranar Asabar kwamfutar lissafin shagona ta mutu, na'urar POS kuma ta ƙi karɓar kati, domin daga kwamfutar take jiran farashi. Ga masu saye sun yi layi.

Na zare wayar da ta haɗa su, na shiga saituna na mayar da na'urar ta yi aiki ita kaɗai, na sa wa layin cikinta data. Yanzu da hannu nake buga kuɗin, mai kati ya sa lambar sirrinsa.

Babban tsorona sifili ɗaya: 5,000 ta koma 50,000, haƙƙin mutum ya hau kaina. Shi ya sa nake nuna wa mai saye adadin kafin ya danna. Da daddare kuma ina gwada rasitai da littafin ciniki.