Darasi na 9: Gwajin maganin ciwon daji da takardar dangwala hannu

Ran nan muna cikin karatu wata inna ta ajiye allonta ta ce mini, "Malama, ni fa da na ji an ce gwaji sai gabana ya faɗi, mu za a mayar ɓerayen likita?" Aji ya ɗauki dariya amma ni ban yi ba, don tambayar tata tana da tushe. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani Trovan, yara 200 ne a cikin gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayani yadda ya kamata ba. Kano ba nisa gare mu, labarin ya iso har nan Maraɗi kuma har yau yana bakin mutane.

To amma inna, duk ƙwayar da lokotoro ya rubuta miki a ordonansi sai da aka gwada ta a jikin wasu kafin ta zo hannunki. Nan ma kusa da mu an yi. A yankin Madarunfa, masu bincike na ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da cibiyar bincikenta Epicentre sun gwada rigakafin zawon yara da ake ɗiga wa a baki, jarirai fiye da 3,500, sakamakon ya fito a 2017 kuma ya nuna yana kare yara, ga shi yana jure zafi irin namu.

Na ciwon daji, wato kansa, shi ma haka yake tafiya hawa hawa. Da farko mutane kaɗan ne, kamar 20 zuwa 80, a ga ko jiki zai ɗauka da kuma yawan da ya dace. Sai a ƙara mutane a ga ko yana taɓa ciwon. A hawa na 3 ne ake tara ɗaruruwa ko dubbai a raba su gida biyu, waɗannan a ba su sabon magani waɗancan a ba su wanda aka saba, kuma ba lokotoro ke zaɓa ba ba ke ba, kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a don kada son kai ya shiga. Ku riƙe wannan da kyau, a gwajin magani na gaskiya ba a hana mai ciwo maganin da aka riga aka san yana aiki.

Kuma fa ba magani kaɗai ake gwadawa ba, har dabarar gano ciwo da wuri. Wanda ya fi burge ni shi ne na Mumbai a ƙasar Indiya, mata wajen 150,000 suka shiga. Abin da ake yi ɗan ƙarami ne, ma'aikaciyar lafiya ta shafa ruwan binegar mai sauƙi a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska fitila, in akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari fat a gan shi da ido tun bai zama daji ba. A 2013 aka bayyana cewa mutuwar mata daga kansar bakin mahaifa ta ragu da kashi 31 cikin 100 a ɓangaren da aka riƙa dubawa. Don Allah kada wata ta ce za ta yi a ɗaki da na salati, aikin wadda aka horar ne. Haka a Kenya, gwaji ne ya nuna allura ɗaya tak ta rigakafin HPV, ƙwayar da ke jawo wannan ciwon, tana kare ƴan mata sosai, a 2022 hukumar lafiya ta duniya OMS ta amince da allura ɗayar.

Yanzu ga inda karatunmu ya shigo. Kafin a sa ki a gwaji dole a kawo takardar yarda, sau da yawa da Faransanci take, to haƙƙinki ne a fassara miki da Hausa tun daga sama har ƙasa, ki zo da wanda kika yarda da shi ya zauna shaida, ki ma tafi da ita gida ku yi shawara da maigida ko ƴaƴanki. Amma yardar taki ce, ba wanda zai dangwala a madadinki. Ki tambaya ko kwamitin ƙasa mai duba binciken lafiya a Yamai ya amince, wace illa ake tsoro, wa zai biya kuɗin mota da na magani in wani abu ya faru, lambar wa za ki kira da tsakar dare. In kin ce a'a ba za a kore ki daga likita ba, in kin shiga kika ga ba za ki iya ba kina fita ranar da kika so. Baba, kai ma haka, maza ma ana gwaji da su a kan ciwon hanta da na mafitsara.

Aikin yau: ku ɗauki allo ku rubuta gwaji, yarda, ƙuri'a, illa, shaida, kowace sau 3. Sannan ku zauna bibbiyu, ɗaya lokotoro ɗaya mara lafiya, mara lafiyar ta yi tambaya 4 kafin ta taɓa tawada. Gobe kowa ya zo da karnensa na likita mu koyi karanta ranar komawa da ke rubuce a ciki.