Rinin Shuni Irin Na Japan: Inda Masu Koyo Ke Tuntuɓe

Wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi a Ƙofar Mata ba zai ga rinin Japan baƙo ba. Su ma da ganye suke yi, sai dai wani tsiro ne daban da baba na nan. Manoman yankin Tokushima na Japan suna shanya ganyen, su tara shi a ɗaka, suna yayyafa masa ruwa suna juyawa kimanin kwana 100, har ya ruɓe ya zama abin da suke kira sukumo. Da shi ake haɗa tukunya, tare da ruwan toka da dusar alkama.

A tukunyar nan aka fi ɓata aiki. Mai koyo yakan ɗauke ta kamar rinin kanti, a dama a tsoma. Alhali ƙwayoyin halitta ne a ciki suke narkar da shunin, kuma iska da sanyi duk suna kashe musu ƙarfi. Sai ka ga mutum yana bugun ruwan da muciya, ko ya ɗaga zane yana ɗiga cikin tukunya, duk iska yake cusawa. A motsa a hankali sau ɗaya a rana, a riƙe ɗumin tsakanin digiri 25 zuwa 30. Tukunya mai lafiya za ka ga kumfa mai sheƙi ta taru a samanta. Idan launi ya fara rauni, kada ka yi gaggawar ƙara sukumo. Yawanci gajiya ce: ka ba ta dusa kaɗan da ruwan toka, ka ƙyale ta kwana biyu.

Zanen kuwa ya kasance auduga ko siliki, don shunin ganye ba ya kama roba. A dafa shi sitaci ya fita, a jiƙa kafin tsomawa, in ba haka ba ya fito dabbare-dabbare.

Akwai masu barin zane ya daɗe a ciki wai don ya yi duhu. Duhu daga maimaici yake zuwa. Ka tsoma na 'yan mintuna kana murza shi a ƙarƙashin ruwa, ka matse, ka buɗe lungunansa su sha iska. Kore zai fito, sannan ya juye shuɗi a gaban idonka. Sai ya gama juyewa za ka mayar da shi, har sau goma ko fiye idan mai duhu kake so.

A ɗaurin shibori, wato ɗaure zane da zare kafin rini don wurin ya zauna fari, wanda garin Arimatsu da ke cikin birnin Nagoya a yanzu ya shahara da shi tun bayan kafuwarsa a 1608, sako-sako ne matsalar. Ja zaren har ƙullin ya yi tauri kamar tsakuwa. Ni ina ganin gara zare ya tsinke a hannunka da shuni ya kutsa ya cinye farin. Kuma kada ka kwance sai ka ɗauraye, domin ragowar rinin zai malala kan adon.

Katazome, inda ake shafa wa zane kunun garin shinkafa ta cikin takarda mai huji don ya hana shuni kama wurin, ba ya jure jiƙo. A bar kunun ya bushe sosai, a gajarta tsomawa, a sake shanyawa kafin ta gaba.

Bayan an gama, wani datti mai launin ruwan ƙasa da ya rage a zanen yakan dusashe shuɗin. A jiƙa zanen a ruwa mai tsabta ana sauyawa har ya daina fita, sannan a shanya a inuwa.