Darasi na 9: Cokali Nawa Ka Sha Yau?

Mu fara da teburin mai shayi, tunda kowa ya san shi. Ka zauna a benci da sanyin safiya, buta tana tafasa. Mai shayi ya jawo kofi, ya zuba madara, ya nutsa babban cokali cikin robar sukari. Ɗaya, biyu, uku. Sai ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ya isa?" Kai kuma ka ce, "Ƙara ɗaya." Ya ɗaga hannu sama yana shiƙa shayin daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa.

To, mu yi lissafi. Babban cokali ɗaya yana cin ƙaramin cokali 3. Babban cokali 4 ke nan ƙaramin cokali 12. Riƙe wannan lamba.

Ƙaramin cokali, idan an shafe bakinsa, yana ɗaukar sukari kamar giram 4. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Ta ƙara da cewa in an iya tsayawa a 6, ya fi. Ka ga Alhajin nan ya cinye rabonsa na yini guda tun kafin rana ta fito, bai ma taɓa burodi ba. A wannan lissafi ana haɗawa da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Mangwaro ko gwanda ko lemon zaƙi da ka ci haka nan ba a matse ba, ba ya ciki.

Daga ina ya zo?

Rake ba ɗan ƙasarmu ba ne. An fara nomansa a tsibirin Niyu Gini dubban shekaru da suka wuce. Mutanen Indiya ne suka gano yadda ake dafa ruwansa har ya daskare ya zama ƙwaya, suna kiransa "sharkara". Sunan ya bi ta Farisa, Larabawa suka ce "sukkar", mu kuma muka ce sukari. Larabawan ne suka kai noman rake Masar da Maroko da Andalus. A lokacin abu ne mai tsada, na sarakuna da masu haɗa magani.

A 1493 wani Bature matuƙin jirgin ruwa, Kolumbus, ya tsallaka teku da irin rake zuwa tsibiran Karibiyan. Abin da ya biyo baya ya kamata kowane ɗan Afirka ya sani. Noman rake aiki ne mai cin rai, Turawa kuma suka cika gonakinsu na Barazil da Karibiyan da bayi. Sama da mutum miliyan 12 aka loda a jiragen ruwa daga Afirka, kuma gonakin rake ne suka haɗiye kaso mafi girma. Da guminsu da jininsu sukari ya yi araha har ya shiga kofin talaka. Har yau Barazil ce ke kan gaba a duniya, kuma yawancin farin sukarin da ke kasuwannin Najeriya ɗanyensa ake shigowa da shi daga can a tace a Legas, duk da akwai gonaki da masana'antu a wurare irin su Numan.

Mu ma muna da namu. A ƙasar Zazzau, musamman wajen Makarfi, ana matse rake a dafa ruwan a yi mazarƙwaila. Wasu suna cewa ita ba ta da illa don ba a tace ta ba. Gaskiya tana da ƙamshi da ɗanɗanon da farin sukari ba shi da su, amma a cikin jiki sukari ce.

Abin da yake yi a jiki

Sukari haɗin abu biyu ne, gulukos da furuktos. Da ya isa hanji sai su rabu. Gulukos ya shiga jini, shi ne man da jiki da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci suna ce mata fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin. Insulin kamar mabuɗi yake: shi ke buɗe wa gulukos ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Furuktos kuwa hanta yake nufa, in ya yi yawa ta mai da shi kitse.

Tuwo da shinkafa da burodi su ma gulukos suke komawa. Saboda haka jikinka ba ya jiran sukarin cokali, ya riga ya samu a abinci. Matsalar abin sha mai zaƙi ita ce yana shiga jini da sauri, kuma ba ya ƙosarwa. Ka sha kwalbar lemo, ka ci kwanon tuwonka cif kamar ba ka sha komai ba. Shekara da shekaru a haka, ƙiba ta taru a tumbi, ƙofofin nan su fara ƙin buɗuwa, gulukos ya taru a jini. Hanyar ciwon suga ke nan ga mutane da yawa. Amma kada a zargi kowane mai ciwon da kwaɗayi. Akwai gado, akwai shekaru, akwai rashin motsa jiki, akwai kuma irin da ke kama yara wanda shan zaƙi ba shi ke kawo shi ba.

Haƙori shi ke fara biyan bashi. Ƙwayoyin cuta na baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cinye haƙori. Yaron da ke yini da alewa a kunci ya fi shiga haɗari a kan wanda ya sha sau ɗaya ya kurkure baki.

Alamomin da za su sa ka je awo: yawan fitsari, musamman da dare, ƙishirwa da ba ta yankewa, rama ba dalili, gani dishi-dishi, ciwo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Wasu ba sa jin komai sai ya taɓa ido ko ƙoda. Awon ɗigon jini ne daga yatsa, da safe kafin a karya. In ya nuna 126 ko sama (a wasu na'urori 7.0), a koma wurin likita ya tabbatar.

Akwai inda sukari ke ceton rai, kada wannan darasi ya sa a manta. Yaro mai gudawa, in babu ƙunshin ORS a kusa, a haɗa masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tsaftataccen ruwa. Mai ciwon suga da ke shan magani, in ya kama rawar jiki da gumi da jiri, a ba shi abu mai zaƙi nan take matuƙar yana iya haɗiya, sannan a kai shi asibiti. Jariri kuwa da bai cika shekara 1 ba, kada a ba shi zuma.

Mu gwada

1. Kawo kwalbar lemo aji. Nemi inda aka rubuta yawan sukari a kowane 100ml. Da yawa za ka ga kusan giram 10. Kwalba mai 50cl tana da 100ml sau 5. Giram nawa ke nan? Raba da 4. Cokali nawa?
2. Auna wannan adadin cikin kofin gilashi, a zagaya da shi kowa ya gani.
3. Wata uwa ta sa cokali 3 a koko, 4 a shayi, ta sha zoɓo mai cokali 6 da rana. Nawa ta sha? Da nawa ta wuce 12?
4. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: rake, mazarƙwaila, hanta, ƙishirwa.

Aikin gida: Ja layi bakwai a littafinka, Asabar zuwa Juma'a. Kullum da dare rubuta cokalin da ka sha. Ƙwayar sukari ɗaya a lissafa ta cokali ɗaya. Daga rana ta huɗu, rage cokali ɗaya a shayinka, ka rubuta ranar da harshenka ya daina jin bambanci. A zo da littafin mako mai zuwa.