Yadda za ka lissafa tafiyar jirgi daga Kano zuwa Jidda idan kana Zariya

Mutanenmu na Zariya da yawa suna sayen tikiti su riƙe lokacin tashi kawai, daga nan ake samun matsala. Mu dai a nan ba mu da jirgin fasinja, filin jirgin Palladan na makarantar koyon tuƙin jirgi ne, dole sai Kano ko Kaduna ko Abuja. Ni Kano nake cewa a bi in Saudiyya za a je, kuma da ita zan yi misali.

Fara da nisa. Rubuta KAN da JED, wato gajerun sunayen filayen jirgin Kano da Jidda, a Google, zai ba ka kusan kilomita 3,400 a miƙe. Jirgin fasinja yana cin kamar kilomita 800 a awa, sai ka raba, awa huɗu da kwata ke nan, ka ƙara rabin awa na tashi da sauka, ya zama biyar ba kwata. Gwada da Kano zuwa Legas ma ka gani, kilomita 830, awa ɗaya da rabin nan, daidai da abin da ake yi.

To ga inda nake so ka nutsu. Lokacin da ke jikin tikiti kowanne na garinsa ne, na tashi agogon garin da aka tashi, na sauka agogon garin da aka sauka, kuma Saudiyya ta riga mu da awa biyu. Ka tashi Kano ƙarfe 10 na dare, tikiti zai ce ka sauka 4:45 na asuba, sai ka ɗauka kusan awa bakwai za ka yi a sama alhali biyun nan na agogo ne. A dawowa kuma cirewa ake yi. Wallahi a nan na ci tuwon kaina da Hajiyarmu ta dawo daga umara, aka ce min sun tashi Jidda takwas na safe, na ƙara awa biyar na ce ai sai ɗaya na rana, na tsaya na karya a nutse kafin na fita Kwangila. Ashe sha ɗaya saura kwata sun sauka. Na tarar da tsohuwa zaune kan jaka da galan ɗin zamzam a gefenta, ƙafafu sun kumbura, layinta na gida bai hau ba balle ta kira, ta ce "Babana, tun hantsi nake dubanka." Har yau abin na damuna. Don haka kada ka yi lissafi da lokacin tashi in za ka je tarba, ka ce a turo maka hoton tikitin ka duba lokacin sauka, shi ke nan.

Ka kuma kula da 00:30 a tikiti, wato sha biyu da rabi na dare, wannan daren jiya ne a lissafinmu. In an rubuta Talata, ranar Litinin za ka bar gida.

Sai hanya. Zariya zuwa Kano kilomita 150 da wani abu ne, ni awa uku nake warewa saboda daga Na'ibawa sai ka ratsa gari kafin filin jirgin Malam Aminu Kano, ga awa ukun da ake so ka riga jirgin ƙasar waje, shida ke nan. In kuna da yawa ku yi shatar mota, ya fi sauƙi a kan kowa ya biya kujera da kuɗin kaya. Tikitin da ke yada zango a Alkahira ko Addis Ababa yakan fi araha amma ka haɗa awannin jira a lissafin, kuma lokacin hazo ka kira kamfanin kafin ka fito.