Yadda za ka koya wa 'yan ƙaramar sakandare aikin jarida da mutanen ƙauyensu

Kafin ka ambaci kalmar jarida a aji, tambayi yaran: wane ne a garin nan in ya kwana biyu ba ya nan kowa sai ya ji a jikinsa? Za su fara da mai gari da liman. Ka ce a ƙara dubawa. Can za ka ji ungozoma, mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa, mai fito da kwalekwale, matar da ke bin gida-gida tana ɗiga wa yara rigakafin shan inna. A nan yankin Haɗejiya ba a rasa mai tuno samarin da suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga a ambaliyar 2022. Rubuta su a allo, ka raba yaran uku-uku: mai tambaya, mai rubutu, mai lura da abin da ido ya gani.

Sai neman izini. Shugaban makaranta da farko, sannan ka taka da ƙafarka wurin mai unguwa. In matar aure ce, a sanar da mai gidanta, kuma 'yan mata za ka tura, tunda su ke shiga har ƙuryar ɗaki, samari kuwa iyakarsu zaure. Bayan la'asar ya fi, ban da ranar kasuwa. Da damina kada ma ka soma, kowa yana gona.

Tambayoyin da aka gina labari a kansu shida ne: wa, me, ina, yaushe, yaya, don me. Yara kan haddace su a darasi ɗaya. Inda aikin yake shi ne kunya. Mun tarbiyyantar da yaro ya durƙusa ya gaida babba, ya sunkuyar da kai, kome aka ce ya ce to. Yanzu kuma muna so ya buɗe baki ya nemi ƙarin bayani. Karon farko da na tura ɗalibaina wurin wata tsohuwar ungozoma, abin da suka kawo mini layi biyu ne: ta ce aikin sai godiya, ta ce Allah ya yi musu albarka.

Don haka a yi gwaji a aji tukuna. Ka zauna a kujera a matsayin tsoho mai rowar magana, su yi ta fama da kai. Hana su duk tambayar da i ko a'a za ta kashe. Maimakon "Iya, aikin da wuya?" a ce "Iya, ba mu labarin daren da ya fi ba ki wahala." Sannan ka sa su riƙe kalmomi huɗu kamar laya: "Sai aka yi yaya?" Da ɗalibaina suka koma da wannan, tsohuwar ungozomar ta ba su labarin daren da aka ɗauko ta a amalanken shanu cikin ruwan sama, fitila ta mutu a hanya. Mai lura ta rubuta cewa tana magana tana murza tafin hannunta, goro a kumatu. Wannan layin na sa aka karanta wa aji sau biyu.

Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, kuma a nan yaro zai koyi bincike. In Baba ya ce zamanin Shagari, tsakanin 1979 da 1983 ke nan. In ya ce muna Kano a lokacin, to kafin 1991 ne, shekarar da aka cire Jigawa. In ya ce lokacin canjin kuɗi, sai a tambaya wanne: na 1973 da naira ta maye gurbin fam, na 1984, ko na kwanan nan da ya kai mutane layin banki a 2023? Kowane labari kuma a nemi mutum na biyu da ya shaida shi. "An ce" ba ya shiga takarda.

Wayar malam ta isa ɗaukar murya, amma a nemi yardar mai magana, kuma biro kada ya tsaya, don caji ba shi da amana.

Wajen rubutu, a sa abin da ya fi ɗaukar hankali a sama, gaisuwa da tarihin haihuwa su biyo baya. Maganar mutum a bar ta yadda ya faɗa, da karin harshensa. Sirrin gidan wani, musamman a labarin ungozoma, a cire suna. Kafin a manna a allon sanarwa ko a karanta a taron safiyar Litinin, yaran su koma su karanta wa mai labarin a gabansa. Da aka karanta wa tamu tsohuwar, wuri ɗaya ta tsayar da su: ba shanu biyu ba ne suka ja amalanken, sa ɗaya ne, shi ma gurgu.