Yadda ake kallon finafinan laifi na Asiya ba tare da jini ya rufe ido ba

A fadojin matasan Damagaram, daga Birni zuwa Zango, finafinan laifi na Koriya ta Kudu da Japan da Hong Kong sun samu wurin zama kusa da butar shayi, ana tura su daga salula zuwa salula. Abin da aka fi yabawa shi ne sara da suka, alhali kuwa ƙwararrun masu shirya su sukan sa jinin ne domin mai kallo ya ji nauyin ran ɗan Adam. Ganin wannan nauyin yana buƙatar shiri.

A fara da duba alamar shekaru, 16 ko 18, sannan a dubi waɗanda ke zaune a tsakar gida. Idan da yara, a jira su kwanta. A kuma nemi fim ɗin cikakke, a guji guntayen faɗa na minti uku da ake yankowa, domin kisan da aka raba shi da labarinsa ya zama yanka kawai. Wanda ke karanta Faransanci ya zaɓi mai rubutacciyar fassara a ƙasan allo, saboda a wasu fassarorin baki akan cusa barkwanci daidai inda mutum ke kukan ɗansa, sai fada ta fashe da dariya a wurin da ya kamata a yi tsit.

Idan kallo ya kankama, a ɗauke ido daga hannun mai duka a mayar da shi kan fuskar wanda ake duka, sannan a lura da tsawon lokacin da kyamara take yi a wurin bayan an gama. Dokar mallakar bindiga tana da tsauri ƙwarai a Koriya ta Kudu, shi ya sa wuƙa da guduma da gatari suka yi yawa a finafinansu, kuma makami irin wannan yana tilasta wa mai kisa ya matso har ya ji numfashin wanda zai kashe. A Oldboy na 2003, wanda ya samu babbar lambar alƙalai a bikin Kan na Faransa a 2004, an ɗauki faɗan guduma a wani siririn lungu ba tare da yanke hoto ba, kuma abin lura a ciki shi ne gajiya: ana haki, ana faɗuwa, ana jan ƙafa, babu wanda ya fita da kwarjini.

Daga nan sai a tambayi kai wanda labarin yake yi wa makoki. Memories of Murder, shi ma na 2003, an gina shi kan kisan mata da aka yi a yankin Hwaseong na Koriya ta Kudu tsakanin 1986 da 1991, kuma lokacin da ya fito ba a san mai laifin ba. Sai a 2019 gwajin ƙwayoyin halitta ya tona shi. Mai kallon da ya san wannan zai gane dalilin da ya sa jami'in bincike ya ƙura wa kyamara ido a ƙarshe, kamar yana neman makashin a cikin ƴan kallo. Zai kuma lura cewa fim ɗin bai wanke ƴan sandan da ke dukan marasa ƙarfi domin su amsa laifi ba. A ganina nan ne tausayinsa ya fi bayyana.

Finafinan ramuwar gayya su ne suka fi ruɗar matasa, domin mun taso muna jin cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. A riƙa ƙirga abin da mai ramuwa yake rasawa a kowane mataki, barcinsa, danginsa, har kamanninsa, a ga ko a ƙarshe ana iya bambanta shi da wanda yake farauta.

Idan zuciya ta tashi, a tsayar da fim ɗin. Ba gazawa ba ce. Idan kuma an kai ƙarshe, kada a ɗora wani nan take. A bari shayi na uku ya nuna, kowa ya faɗi sunan mutum ɗaya da aka kashe a labarin da wanda ya bari a baya. A Damagaram, garin da ya san rikicin gungun matasan da ake kira ƴan palais, waɗanda Aisha Macky ta ɗauki rayuwarsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta na 2021, da wuya hirar ta tsaya a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu.