Yadda ake ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi a yankan ƙwaƙwalwar ɓera

Tun 1973 Bliss da Lømo suka nuna a ƙwaƙwalwar zomo cewa mahaɗar ƙwayoyin jijiya na iya ƙara ƙarfi kuma ƙarfin ya daɗe. Wannan shi ne LTP (long-term potentiation), wato ƙaruwar ƙarfi mai ɗorewa. Yanzu an fi gwada shi a hifokamfas ɗin ɓera, sashen da ake buƙata kafin sabon abu ya zauna a ƙwaƙwalwa.

Ka yanka hifokamfas ɗin sala-sala, kaurin mikiromita 300 zuwa 400, cikin ruwan gishirin da ke kama da ruwan ƙwaƙwalwa, mai sanyi ƙalau, ana hura masa oksijin kashi 95 da kabon dayoksaid kashi 5. Bar shi ya huta aƙalla awa 1. Sai ka kafa wayar tsikara da lantarki kan zaruruwan Schaffer, zaruruwan jijiya da ke kai saƙo zuwa sashen hifokamfas da ake kira CA1, wayar ɗaukar amsa kuma a CA1 ɗin.

Daga nan sai haƙuri. Saita ƙarfin tsikarar inda amsa ba ta wuce kashi 30 zuwa 50 na iyakarta ba; idan ka cika ƙarfi, babu sauran wurin da za ta hau. Riƙa tsikara sau ɗaya duk daƙiƙa 30, na minti 20 ko fiye, har amsar ta tsaya cak. Amsar da take hawa da kanta tun farko za ta yaudare ka, ka ɗauka LTP ce. Kada ka yi gaggawa a nan.

Bayan haka ka aika tsikara 100 cikin daƙiƙa 1, ka koma tsikara ɗaya duk daƙiƙa 30, ka bi amsar awa guda.

Me ya faru a daƙiƙar nan? Gulutamet, sinadarin da ke kai saƙo a mahaɗar, ya kwararo, ƙofofin da ke karɓarsa a jikin ƙwayar, waɗanda ake kira AMPA, sun buɗe, cajin ƙwayar ya tashi har ya ture maganisiyam ɗin da ya toshe wasu ƙofofin masu karɓar gulutamet, wato NMDA. Kalsiyam ya shigo ya tada wani furotin mai suna CaMKII, aka ƙaro ƙofofin AMPA a bakin mahaɗar. Shi ya sa tsikara iri ɗaya take haifar da amsa mafi girma. Ɗorewa ta awanni kuwa sai an ƙera sabbin furotin.

Don tabbatarwa, maimaita gwajin da sinadarin AP5 a ruwan: yana toshe NMDA, bai kamata ƙarfin ya bayyana ba. Ka kuma bar hanya ta biyu ta zaruruwan jijiya a yankan wadda ba ta sha tsikarar mai sauri ba. Idan ita ma ta hau, yankan ne ke sauyawa, sai a sake sabo.